Baturiya ta yabi gyalena na ce tsoho ne, wai na yi laifi?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu Turanci ku zo ku raba ni da wani abu da ya tsaya min a rai tun jiya. Wata na bakwai ke nan ina aikin kula da tsofaffi a wani gida a nan Ingila, to jiya da safe na shiga da wani gyale ruwan toka mai 'yan duwatsu a baki, tun a Kantin Kwari na saye shi kafin in taho, sai wata abokiyar aikina baturiya ta tsaya ta ce min "Oh I love your scarf, it's gorgeous". Ni kuma wlh bakina ya riga tunanina, na ce mata "no, it's old, it's very cheap", har na ƙara da cewa in tana so ta ɗauka. Matar nan ta yi sororo, ta ce "oh no no no", ta yi 'yar dariyar yaƙe ta wuce, har muka tashi ba ta sake tsayawa hira da ni ba. Da na koma gida na ba maigidan labari sai ya kama dariya, wai ƙaryata ta na yi ido da ido, wai thank you kawai ake cewa. To ni abin da ban gane ba, a yabe ka ka ce thank you ka yi shiru, ba ka nuna ka yarda da yabon ba ke nan? Ina kunyar take? Sannan ita congratulations in an ce maka me ake mayarwa, don ranar da na ci jarrabawar tuƙi wata ta ce min congratulations na ce mata same to you.

Dan_Gwammaja:
Same to you 😂😂 Hajiya ita ma lasisin ta karɓo ranar? Kin tuna min da yaron shagonmu da aka ce masa happy birthday ya ce and you too

Maman_Ilham:
Kai dai bari, sai da na shiga bas abin ya faɗo min, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Malam_Bazazzagi:
Wa alaikumus salam. Shekara 14 ina koyar da Turanci a sakandare kuma wannan tambayar duk shekara sai ta dawo. Maigidanki ya yi gaskiya. A wurinsu wanda ya yabe ki kamar 'yar kyauta ya miƙo miki, thank you ɗin sa hannu ne ki karɓa, ba yana nufin kin ce eh ni ce nan ba. In kika ce no to kin mayar mata da kyautarta, kuma kin nuna idonta bai iya zaɓe ba, sai dai ta tsaya jayayya da ke a kan gyalenki ko ta yi shiru ta wuce, ita kuma ta zaɓi wucewa. Mafi sauƙi ki ce "Thank you, I got it in Nigeria" ko "Thanks, that's kind of you", daga nan hira ta buɗe ta hau tambayarki Najeriyar. Congratulations ma amsarta thank you. Same to you sai a abin da kuka yi tarayya a cikinsa, irin happy new year ko have a nice weekend, ko mu nan in an ce happy Sallah.

Ummu_Sultan:
Ni dai ban ga laifinki ba 'yar uwa, tarbiyya ce ta yi aikinta. Mu fa haka muka tashi, a ce kin yi kyau ki ce kai haba a ina, a ce atamfar nan ta karɓe ki ki ce ai ta kwana biyu. Yabon kai jahilci, kuma ni wlh thank you ɗin nan a kunnena kamar mutum ya ce eh na sani ne. Kakarmu Allah ya jiƙanta in baƙuwa ta ɗauki jariri ta ce kai yaron nan kyakkyawa ne ba ta haɗa da tubarkalla ba, nan take za ta karɓe abinta tana cewa wannan mummunan? ina kyau a nan, matar na fita a zaunar da shi a tofe shi da addu'a. Tsoron kambun baka. To wanda ya tashi a hannun irin wannan tsohuwar shi za a ce rana ɗaya ya koyi thank you?

Abu_Hanan:
Ummu Sultan ido gaskiya ne, hadisin yana Bukhari da Muslim, ba mai musu. Amma a duba maganin da aka ba mu. Lokacin da Amir bn Rabi'a ya ga Sahl bn Hunaif yana wanka ya yabi fatarsa Sahl ya faɗi, Annabi (SAW) ai bai ce wa Sahl ya riƙa kushe kansa ba, shi mai yabon aka yi wa faɗa, aka ce me ya hana ka sa masa albarka. Ke nan nauyin yana wuyan mai yabo. Baturiya ba ta san tubarkalla ba, to ki ce mata thank you, a zuciyarki ki ce masha Allah la ƙuwwata illa billah kamar yadda ya zo a Suratul Kahfi, ba a rasa komai ba. Kushe ni'imar da Allah ya yi maka ba shi ne tawali'u ba.

Ummu_Sultan:
Na ji Malam, amma ai akwai wanda aka ce a watsa wa masu yabo ƙasa a fuska

Abu_Hanan:
Akwai, a Muslim yake. Wancan masu bambaɗanci ne da zuzuta mutum a gabansa har kansa ya kumbura, ba wadda ta ga gyale ya burge ta ba. Kada dai Maman Ilham ta je ta watsa wa baturiya ƙasa a kore ta daga aiki.

Sadiya_Leeds:
Maman Ilham sannu, naki ma mai sauƙi ne ki ji nawa. Shekarata ta farko a nan shugabar sashenmu ta tafi hutu Sifen sati biyu, ta dawo ta yi fes kumatu sun ciko, ni kuma da zuciya ɗaya don in faranta mata na ce "wow you have added weight, you look so fat and fresh". Ofis ɗin ya yi tsit kamar an ɗauke wuta. Wata 'yar Ghana da muke aiki tare ta take min ƙafa ta ƙarƙashin tebur, ni kuma ina ta waige ina neman abin da ya faru. Matar ba ta ce uffan ba amma ranar ko abincin rana ban ga ta ci ba. Sai da 'yar Ghanan ta ja ni kicin ta ce ke a nan ba a maganar jikin mutum, ko ya yi ƙiba ko ya rame ki yi kamar ba ki gani ba, in dole sai kin ce wani abu ki ce "you look great" ki tsaya nan. Ko "you look well" ɗin da ake ganin ba ta da illa akwai matan da ke ɗaukarta habaici ne wai ana nufin sun ƙara ƙiba. Na yi sati ina ba ta haƙuri, ta ce ba komai, amma irin ba komai ɗin nan ce mai komai a ciki.

Dan_Gwammaja:
Ikon Allah. To ƙiba ba alamar hutu da kwanciyar hankali ba ce? Mu nan amarya in ta yi wata uku ba ta ciko ba ai sai dangi sun fara yi wa ango kallon tuhuma

Hauwa_Kawo:
Dan Gwammaja wannan da ne, yanzu ko a Kaduna ka ce wa budurwa ta yi ƙiba sai ta daina gaishe ka. Mu ma mun canza, iyayenmu ne dai suka rage da jin daɗin kalmar.

Injiniya_PH:
Ni well done ce ta kunyata ni. Muna aiki da wani bature ɗan Scotland a Fatakwal, kullum in na wuce ta ƙofar ofishinsa sai in ce well done sir, ya ɗago ya kalle ni ya yi murmushi. Ran nan na wuce yana zaune yana shan shayi ko takarda babu a gabansa na ce well done sir, sai ya kira ni ya ce dan Allah in gaya masa me ya yi da nake ta jinjina masa kullum, ko gatse nake masa don na ga ba ya aikin komai. Wlh sai da na zauna na yi masa bayanin sannu da aiki tun daga tushe.

Malam_Bazazzagi:
Injiniya ka taɓo inda ya fi cin mutanenmu. Well done ɗinmu gaisuwa ce, sannu da aiki muka ɗauka muka sa mata rigar Turanci, Yarbawa ma suna da tasu irin gaisuwar shi ya sa ta bazu duk ƙasar. A wurin Bature well done sai ka gama abu kuma ka yi shi da kyau, sannan yawanci daga sama take saukowa, malami ga ɗalibi, uba ga ɗa, shugaba ga ma'aikaci. Ƙaramin ma'aikaci ya ce wa ogansa well done yana iya zama kamar shi ne ke duba aikin ogan. Ƙanwarta ita ce "you tried". Mu ka yi ƙoƙari babban yabo ne, mutum ya gina gida hawa biyu a ce kai ka yi ƙoƙari. Amma ka ce wa Bature you tried ka ce masa ne ka dai taɓa amma abin bai yiwu ba. Akwai ɗalibata da ta rubuta wa malamarta 'yar Amurka haka bayan matar ta gama gabatar da lacca ta intanet, "ma you really tried", tana nufin ta burge ta.

Dan_Gwammaja:
Yau Bazazzagi ne ke koya wa Kanawa Turanci, duniya ta zo ƙarshe. Malam you tried

Malam_Bazazzagi:
Ka fara koyon bambanta fifty da pipty tukuna sai ka dawo mu yi magana.

Comrade_Jos:
Ni fa ban yarda da wannan gyare-gyaren ba gaba ɗaya. Wa ya ce Turancin Landan ne kaɗai Turanci? Ba'amurke ya yi nasa, ɗan Indiya ya yi nasa, mu kuma in mun ce well done sai a ce kuskure ne. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford da kansa ya shigar da kalmomin Turancin Najeriya guda 29, ciki har da okada da danfo da next tomorrow da ita kanta Kannywood. In masu harshen sun karɓa mu me ya sa muke jin kunyar namu? Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ni a Jos zan ci gaba da cewa well done ga mai faskare da mai gadi kuma sun san me nake nufi.

Sadiya_Leeds:
Comrade a Jos ai ba wanda ya hana ka, ni ma in na zo gida haka nake yi. Amma Maman Ilham ba a Jos take ba, a gidan tsofaffi take a Ingila tana neman zaman lafiya da abokan aikinta. Oxford ba za ta zo ta tsaya mata ba in magana ta kai gaban manaja.

Comrade_Jos:
To su ma su koyi namu mana, kullum mu ne masu lanƙwasawa

Bagobiri_Maradi:
Salamu alaikum jama'a, ni daga Maradi nike. Mu Faransanci munka yi a lakwal, Ingilishi yanzu nika koyo saboda kasuwanci. Wagga matsala mu ma muna da ita, bonne arrivée da muka ce ma baƙo ai barka da zuwa ce munka juya, in ka tahi Faransa bienvenue za ka ji. Tambayata ga Malam, mu félicitations pour muka cewa shi ya sa nika rubuta congratulations for, wani abokin cinikina na Kano ya ce ba daidai ba ne. Wace ce gaskiya?

Malam_Bazazzagi:
Bagobiri ka riƙe on. Congratulations on your wedding, congratulations on your new job, congratulations on passing your exam. Ana jin for jefi-jefi amma on ce ba ta da gardama. Sannan kada ka yar da s ɗin ƙarshe, kamar yadda félicitations ɗinku take da ita. Rabin Facebook ɗinmu congratulation suke rubutawa babu s, wasu ma congratulation to you sir for your new appointed. In da aboki ne congrats ta wadatar. Tunda an zo nan bari in ƙara, more grease to your elbow da muke sa wa kowa tamu ce, ta Ingila more power to your elbow ce kuma ita ma ta tsufa ba kasafai ake jinta ba. HML (happy married life) da LLNP (long life and prosperity) kuwa in ka tura wa Bature sai ya ɗauka sunan wani kamfani ne.

Hauwa_Kawo:
Wai happy married life ma ba a cewa?? To me za a ce

Malam_Bazazzagi:
Za su gane ta, ba laifi ba ce, kawai ba haka suka saba ba. Su sai su ce congratulations to you both, ko wishing you a lifetime of happiness a jikin kati. A tsohuwar al'adarsu ma ango ake ce wa congratulations amarya a ce mata best wishes, don kada ya zama kamar ana taya ta murnar ta yi farautar miji ta samu, amma yanzu kusan ba mai kula da wannan.

Abu_Hanan:
Abin da na lura da shi, mu duk taya murnarmu addu'a ce. Aure a ce Allah ya ba da zaman lafiya, Allah ya kawo ƙazantar ɗaki, haihuwa a ce Allah ya raya, sabuwar mota Allah ya tsare ya sa a kashe lafiya, muƙami Allah ya taya riƙo. Amsar duka amin. Shi ya sa thank you take mana bambaraƙwai, bakinmu amin ya saba da ita. Su kuma nasu faɗin abin da ke ransu ne kawai, na ji daɗi, abin ya burge ni, ka ga ba abin da za a ce wa amin a ciki.

Mai_Nazarin_Harshe:
Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba, amma wannan fannina ne bari in ɗan ce wani abu. Wasu masu bincike biyu a Amurka, Joan Manes da Nessa Wolfson, sun tattara yabo 686 da mutane suka yi wa juna a hirar yau da kullum suka fitar da sakamakon a 1981. Abin da suka gano shi ne kusan kashi 85 cikin 100 duk a ƙira uku suke yawo, irin your hair looks nice, da I love your bag, da that's a nice shirt, kuma kalmomi biyar ne suka cinye yawancin siffofin, nice, good, beautiful, pretty, great. Ma'ana yabon nasu kusan haddace ne kamar yadda muke ina kwana ina gajiya. I love your scarf ba wai ta kamu da son gyalen ba ne har tana so a ba ta, hanyar buɗe hira ce. Na biyu kuma, Ummu Sultan ba ke kaɗai ke jin nauyin nan ba, su ma suna ji. Anita Pomerantz ta yi rubutu tun 1978 a kan cewa wanda aka yaba yana shiga tsaka mai wuya, in ya yarda ya yabi kansa, in ya musa ya ƙaryata mai magana. Shi ya sa su ma suke da hanyoyin zillewa, su ce thanks my sister gave it to me, ko a wurin aiki su ce it was a team effort, wato su tura yabon wani wuri ba tare da sun ce a'a ba.

Sadiya_Leeds:
Wannan haka yake wlh. Kuma Maman Ilham cheap ɗin da kika ce ba ita ce matsalar ba, matan Ingila ba abin da suke so irin a yabi rigarsu su ce "thanks, it was a tenner in Primark", har alfahari suke da arahar. Akwai ma "oh this old thing?" da suke faɗa suna murmushi, ka ga ai ta kwana biyu ɗinmu ce sak. Bambancin kawai su thanks suke farawa da ita ke kuma no kika fara da ita, sannan kika ɗora da ta ɗauka. Wannan ta ƙarshen ce ta firgita ta, ta ɗauka kin zaci roƙo take.

Ummu_Sultan:
Yawwa ashe dai su ma suna da kara, to alhamdulillahi. Amma tayi ai ba roƙo ba ne, kowa ya san in an ce ɗauki mana ba ɗauka ake ba, kamar bismillah ce in an tarar da kai kana cin abinci

Tela_Mai_Zare:
Hajiya kowa ya sani a nan, amma kada ki gwada da baƙo. Ni nan wani bature da ke aiki da wata ƙungiya ya zo shagona ɗinkin kaftani, ina sanye da hulata zanna bukar sabuwa dal wadda sai da na yi wata biyu ina biyan kuɗinta kaɗan-kaɗan, ranar ce ma fitarta ta biyu. Ya ce beautiful cap, ni kuma don in nuna masa mu mutanen kirki ne na cire na ce take it. Mutumin nan ya ce really? na ce yes yes ina jiran ya ce no thank you, kawai sai na ga ya kafa ta a kai, a karkace ma, ya rungume ni ya ɗauki hoto da ni ya shiga mota. Yaran shago suka juya baya suna dariya ƙasa-ƙasa. Da kai ba hula na koma gida, uwargida ta ce ina hular na ce na yi sadaka.

Dan_Gwammaja:
😂😂😂 Allah ya karɓi sadaka Tela. Wanda ya ƙi ɗauka an ce ya firgita, wanda ya ɗauka an ce ya cuce ka, Turawan nan ya za su yi da mu ne

Nurse_Zee:
Ni wadda ta fi ba ni wahala ita ce ta ciki. Lokacin da nake da cikin ɗana na fari dole na sanar a wurin aiki saboda tsarin hutu, kafin azahar kowa ya ji, wannan ta zo congratulations ta rungume ni, waccan when are you due, wani namiji ma ya zo wai do you know if it's a boy or a girl. Na ji kamar an tsiraita ni a kasuwa. Mu da ko mahaifiyarki ba kya iya buɗe baki ki gaya mata, sai dai ta gani ta kau da kai ta ce Allah ya raba lafiya, kuma ba a barka sai an sauka. Na dinga cewa thank you ina karanta falaƙi da nasi a zuci. Amma abu ɗaya da na koya, su ma ba sa taya mace murnar ciki sai ita ta faɗa da bakinta, ko ya kai wata tara, don an sha taya mai tumbi murna a ji kunya.

Hauwa_Kawo:
Duk wannan Turancin da ake ta yi, ni da za a koya wa mazanmu yabon ko da Hausa ne da na gode. Ki wuni a kicin ki yi miyar da maƙota ke jin ƙamshinta, ki tambaye shi ya abincin ya ce ba laifi. Ki yi lalle ki yi kitso ki sa sabon ɗinki ya shigo ya ce ina cajata

Ummu_Sultan:
Hauwa kin fama min ciwo. Shekara 11 ban taɓa jin kin yi kyau ba sai dai "ina za ki haka"

Baban_Khalifa:
A yi mana adalci dai. In na ce a ƙaro ai yabon ke nan, me ya fi wannan? Kuma ku ne fa in mutum ya buɗe baki ya ce kai miyar nan ta yi daɗi sai ku hau dariya ku ce santi yake, har a kira yara su zo su ji Baba na santi. Wa zai sake?

Sadiya_Leeds:
Baban Khalifa to albishir, Turawan Ingila 'yan uwanku ne. Not bad ɗinsu ita ce ba laifi ɗinku, in ogana ya duba aikina ya ce not bad at all to ranar na san na burge shi. Wadda ake tsoro ita ce interesting, in ka kawo shawara aka ce that's interesting to yawanci an binne ta. Amurkawa ne masu awesome da amazing a kan kofin shayi.

Injiniya_PH:
Ƙarin gargaɗi ga samari masu shirin fita, a wurin aiki ka yabi aikin mace ko ka yi shiru. Great presentation, nice work, shi ke nan. Wani yaro da muka yi aiki da shi ya ɗauka sexy na nufin ta yi kyau kawai, ya faɗa wa wata injiniya a gaban mutane, da ƙyar aka kashe wutar.

Comrade_Jos:
Wannan kam na yarda, ko a Jos ɗin ma mari zai sha

Maman_Ilham:
Albishirinku 'yan uwa

Dan_Gwammaja:
Goro, fari ƙal

Maman_Ilham:
Yau mun haɗu da ita a ɗakin shan shayi, gabana na faɗuwa na daure na ce mata I like your earrings, wasu 'yan ƙanana ne masu koren dutse. Sai ta washe baki ta ce "aww thank you, they were my nan's", wai na kakarta ne da ta rasu, ta tsaya ta ba ni labarin kakar har shayina ya huce. Na lura sarai yadda ta yi, thank you ɗin a gaba sannan ta tura abin wurin kakar, yadda Mai Nazarin Harshe ta faɗa. Daga nan na yi mata bayanin ranar nan, na ce a wurinmu in an yabi abinka sai ka yi tayi, ta yi ta dariya ta ce ita duk ta ɗauka ta ɓata min rai ne, wai ta zaci ba a son a yi maganar ɗankwalin musulma shi ya sa ta ja jiki. Kun ji fa, ni ina can ina tunanin na yi mata laifi ita ma tana can tana tunanin ta yi min. Amma gaskiya har yanzu thank you ɗin nan in na faɗe ta sai na ji kamar na bar wani abu a baya.

Ummu_Sultan:
Amin ɗin kika bari. Ni dai ko Landan aka kai ni sai na ce kai haba

Dan_Gwammaja:
Congratulations Hajiya

Maman_Ilham:
Same to... thank you 😂

Tela_Mai_Zare:
Kowa an warware masa tasa, ni har yanzu ba wanda ya gaya min yadda ake cewa a dawo min da hulata da Turanci